Allurar rigakafin mura ta RNA: tambayoyi da amsoshi kan gwajin farko a jikin mutane

Tun daga 2021 labarai ke ta fitowa cewa kamfani kaza ya fara gwada allurar mura da aka haɗa da fasahar RNA, irin wadda aka yi allurar korona da ita. Yawancin labaran nan a kan gwajin mataki na ɗaya ko na biyu suke, kuma sau da yawa ana ɗora wa sakamakon nauyin da ya fi ƙarfinsa. Ga abin da ake yi a waɗannan gwaje-gwaje, da abin da suke iya nunawa, da inda aka sha wuya.

Wace mura ake magana a kanta?

Infuluwenza ake nufi: zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, ciwon gaɓoɓi, busasshen tari, da kasalar da ke kwantar da ƙato. Murar atishawa da majina da ke wucewa cikin 'yan kwanaki daban take, ƙwayoyin cuta iri-iri ne ke kawo ta, kuma wannan allura ba ta taɓa su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa infuluwenza na kama mutum kusan biliyan ɗaya a shekara, miliyan 3 zuwa 5 su kwanta rai a hannun Allah, 290,000 zuwa 650,000 su mutu ta hanyar matsalar numfashi. A ƙasashenmu sau da yawa akan ɗauke ta zazzaɓin cizon sauro, a sha magani, ba wanda ya san ita ce.

Iri biyu ne ke damun mutane duk shekara: A, mai rassa H1N1 da H3N2, da B, mai zuriya biyu, Biktoriya da Yamagata. Ba a sake tabbatar da ganin Yamagata tana yawo ba tun Maris 2020, don haka a Satumba 2023 masana hukumar suka ba da shawarar a cire ta daga allura.

Ai akwai allurar mura tuntuni. Me ya sa ake neman sabuwa?

Saboda ƙwai. Mafi yawan allurar mura ta duniya a cikin ƙwan kaji mai ɗan tayi ake renon ƙwayar cutar, ƙwai mai kwana 9 zuwa 11, sannan a kwashe ruwan, a kashe ƙwayar, a tace. Aikin na cin kimanin wata shida. Shi ya sa hukumar ke zaɓen irin da za a sa tun watan Fabrairu don sanyin ƙasashen arewacin duniya, da watan Satumba don na kudanci. Kafin allurar ta iso asibiti, ƙwayar da ke yawo tana iya sauya kama.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Ƙwayar murar ɗan Adam ba ta jin daɗin ƙwai, sai ta sauya furotin ɗin samanta don ta rayu a ciki. H3N2 ce ta fi yin haka. Sai a wayi gari an koya wa jiki gane ƙwayar ƙwai, wadda ta ɗan bambanta da wadda maƙwabci zai yi tari ya watsa. A shekarar da aka dace da zaɓe, allurar yanzu na rage zuwa asibiti saboda mura da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. A muguwar shekara ta gaza haka sosai.

RNA ba ta bi ta ƙwai. Jerin haruffan furotin ɗin kawai ake buƙata, kamar yadda aka karanto shi daga majinyaci. Ke nan ana iya jinkirta zaɓen iri, kuma sauyin ƙwai ba ya shigowa.

Me ke cikin kwalbar?

Abu biyu. Na farko saƙon RNA, mai ɗauke da umarnin ƙera himagulutinin, furotin ɗin da ƙwayar mura ke maƙale wa tantanin hanci da maƙogwaro da shi. A taƙaice ana ce masa HA. Kowane iri da nasa saƙon. Ana rubuta shi a tukunyar ɗakin gwaji da wani inzayim mai suna T7, a sa masa hula a kai da doguwar jela a ƙarshe don kada jiki ya narkar da shi nan take. Yawancin kamfanoni na musanya harafi ɗaya, yuridin, da wani ɗan'uwansa da aka gyara, don jiki ya rage ɗaukar saƙon a matsayin maƙiyi. Wannan dabara ta fito ne daga aikin Katalin Karikó da Drew Weissman na 2005, wanda ya kai su ga lambar Nobel a 2023.

Na biyu ƙunshin mai, ɗan mitsitsin ƙwanso mai faɗin kusan nanomita 100, da aka haɗa da mai iri huɗu: mai riƙe RNA ya sake ta a cikin tantani, kolestarol, wani fosfolifid, da mai ɗauke da wani sinadari, PEG, da ke hana ƙwansunan dunƙulewa. Sai sukari da gishirin daidaita ruwa. Babu ƙwayar cuta a ciki, mai rai ko matacciya.

Yaushe aka fara gwada ta a jikin mutane?

Tun kafin korona. A Disamba 2015 kamfanin Moderna ya fara gwajin allurar H10N8, wani irin murar tsuntsaye, a Balin ta Jamus da mutum 201, sannan a 2016 ya fara na H7N9 a Miyami ta Amurka da mutum 156. An zaɓi murar tsuntsaye da gangan: kusan ba wanda ke da kariyarta a jini, saboda haka duk abin da aka gani daga baya aikin allurar ne.

Na murar shekara-shekara sun taso kusan lokaci guda a 2021. Kamfanonin Sanofi da Translate Bio suka fara a Yuni da allura mai iri ɗaya, H3N2, a cikin ƙunshin mai iri biyu don a kwatanta. Moderna ta biyo a Yuli da mRNA-1010 mai iri huɗu, Pfizer kuma a Satumba, da dattawa 'yan shekara 65 zuwa 85.

Yaya ake tafiyar da gwajin mataki na ɗaya?

Tambaya biyu yake amsawa: awo nawa jiki ke ɗauka ba tare da wahala mai yawa ba, kuma shin jini ya nuna alamar kariya. Mutanen ba su da yawa, daga 'yan gomiya zuwa ɗari biyu ko uku.

Ana farawa da tantancewa: tarihin lafiya, awon jini na hanta da ƙoda da ƙwayoyin jini, gwajin ciki ga mata, wani lokaci da hoton bugun zuciya. Wanda ya tsallake, kwamfuta ce ke jefa shi rukuni. Wasu su samu sabuwar allura, wasu ruwan gishiri ko allurar mura da ke kasuwa. Ruwan allurar RNA fari ne-fari ne kamar an ɗiga madara a ruwa, ruwan gishiri kuwa garau yake, don haka ma'aikaci daban ne ke zuƙa a sirinji, akan kuma rufe jikin sirinjin, yadda mai sa kai da likitan da zai duba shi ba za su san me aka ba shi ba. Idan wannan sirri ya fasu, rahoton illoli ya gurɓace, domin wanda ya san sabon abu aka yi masa ya fi lura da kowane ɗan ciwon kai.

Ba a yi wa kowa rana ɗaya. Mutum kaɗan ake fara yi wa mafi ƙanƙantar awo a dantse, a tsare su minti 30 zuwa awa ɗaya saboda borin jini mai tsanani, a jira 'yan kwanaki, kwamitin tsaro ya duba, sannan a ci gaba da sauran rukunin. Sai an gamsu ake hawa awo na gaba. A gwajin farko na mRNA-1010, mutum 180 aka raba kan maikurogiram 50, 100 da 200, matasa daban, 'yan shekara 50 zuwa sama daban.

Kwana bakwai na farko mai sa kai na cika littafin rahoto kullum, yawanci a waya. Ana ba shi tamomita da 'yar rula: ya auna zafin jiki, ya auna faɗin ja ko kumburin wurin allurar. Akwai ma'auni tsayayye. Zazzaɓi daga 38.0 zuwa 38.4 daraja ta ɗaya ne, 38.5 zuwa 38.9 ta biyu, 39 zuwa 40 ta uku. Ja da ya wuce santimita 10 daraja ta uku ne, haka ma duk ciwon da ya hana mutum harkarsa ta yau da kullum. Duk wani abin da ya same shi cikin kwana 28 ana rubutawa, ko da faɗuwa ce a kan babur. Manyan matsaloli, irin kwanciya asibiti, ana bibiyarsu wata shida zuwa shekara. Tun kafin a fara an rubuta sharuɗɗan dakatarwa, misali babbar matsala guda da ake zargin allurar ce ta jawo ta.

Wa ba a ɗauka?

Mai ciki ko mai shayarwa, mai raunin garkuwar jiki ko mai shan maganin danne ta, wanda ya taɓa kumburin tsokar zuciya, wanda ya taɓa mummunan borin jini da allura ko da PEG, da wanda ya karɓi allurar mura cikin 'yan watannin baya. Mai zazzaɓi ranar allura sai a ɗaga masa. Wannan tsari ya dace da matakin farko, amma yana nufin sakamakon bai faɗi komai ba tukuna game da waɗanda mura ta fi kashewa: tsofaffi masu ciwon zuciya ko huhu, masu juna biyu, da ƙananan yara.

Tunda ba a jira a ga wa zai kamu ba, ta yaya ake sanin allurar ta kama?

Da jini. Ana ɗiba ranar allura kafin a yi ta, sannan wajen kwana na 29, da bayan wata shida. Abin da ake nema antibodi ne, furotin ɗin kariya da ke toshe HA.

Gwajin tsoho ne, kuma ido na ganinsa. Ƙwayar mura na da halin liƙe jajayen ƙwayoyin jini wuri guda. Ana ɗaukar ruwan jinin mai sa kai, a fara wanke shi da wani inzayim da ke cire abubuwan da ke ba da sakamakon ƙarya, sannan a tsarma shi bi da bi a faranti mai ramuka 96: ɗaya cikin 10, cikin 20, 40, 80, har gaba. A kowane rami a zuba ƙwayar mura daidai awo, a jira, sannan a zuba jajayen ƙwayoyin jinin talo-talo. Inda antibodi ya isa, ya riƙe ƙwayar cutar, jinin sai ya gangara ƙasan ramin ya zama jan ɗigo guda, idan an karkata farantin ya zubo siriri. Inda bai isa ba, jinin ya bazu ya zama shimfiɗa ja-ja. Rami na ƙarshe mai ɗigo shi ne lambar mutumin.

Lamba 1:40 ita aka saba ɗauka a matsayin kariya, daga wani binciken Ingila na 1972 da ya nuna tana rage kamuwa da kusan rabi a manya masu lafiya. Rabi, ba duka ba. Ga yara kuma ana buƙatar sama da haka. Ana kuma duba ko lambar ta ninka sau huɗu.

Gwajin na da nasa cikas. Sabbin H3N2 ba sa liƙe jinin tsuntsu da kyau, sai a koma jinin ɓeran masar ko a yi wani gwajin da ke auna hana ƙwayar shiga tantani. Ga H5, wani irin murar tsuntsaye, jinin doki ake so. Jini guda kuma na iya ba da lamba daban a ɗakunan gwaji biyu, shi ya sa kwatanta lambar kamfani kaza da ta kamfani kaza daga sanarwarsu aikin banza ne. Sai an gwada su a faranti ɗaya.

Waɗanne illoli aka gani?

Ciwon dantse, gajiya, ciwon kai, ciwon tsoka, rawar ɗari, kaluluwa a hammata, wani lokaci zazzaɓi. Yawanci suna tasowa cikin kwana ɗaya, su lafa cikin biyu ko uku. Sun fi yawa a matasa, suna ƙaruwa da ƙarin awo, kuma a gwaje-gwajen da aka kwatanta, sun fi na allurar ƙwai. A gwajin H10N8 an dakatar da awon maikurogiram 400 saboda illolinsa, an kuma bar yin allurar a cikin fata saboda yadda wurin ke ɓaci.

Wannan batu ya fi nauyi a mura fiye da korona. Allura ce ta kowace shekara, kuma akwai wata a kasuwa da ba ta cika kwantar da mutum ba. Wanda ya yini a kwance bana da wuya ya dawo baɗi.

Kumburin zuciya fa?

An gan shi da allurar korona ta RNA, ba kasafai ba, galibi a samari bayan allura ta biyu. Ana gaya wa masu sa kai su kawo rahoton ciwon ƙirji, haki ko bugun zuciya nan take. Amma ƙaramin gwaji ba ya iya kore shi. Akwai lissafi mai sauƙi: idan ba a ga wata illa ba cikin mutum 180, abin da za a iya cewa da ƙwarin gwiwa shi ne ba ta kai ɗaya cikin 60 ba, wato a raba adadin mutanen da uku. Illar da ke faruwa ɗaya cikin dubu gomiya sai gwajin mataki na uku ko bayan an fara amfani.

Ina aka fi samun tangarɗa?

A iri B. Sakamakon farko na mRNA-1010 a Disamba 2021 ya nuna, a matasa da awon 50, antibodi ya ninka kusan sau 10 ga H1N1, sau 8 ga H3N2, amma sau 3 ga Yamagata, sau 2 ga Biktoriya. Ƙarin awo zuwa 100 ko 200 bai ƙara wani abin kirki ba, illoli ne suka ƙaru. Alamar na nan tun ranar, kuma ta tabbata a Fabrairu 2023, lokacin da gwajin mutum sama da 6,000 ya nuna allurar ta yi kyau a A amma ta gaza allurar kasuwa a B. Sanofi da Pfizer ma sun ci karo da raunin B. Moderna ta sake fasalin furotin B ɗin da saƙon ke ƙerawa, sai gwajin Satumba 2023 ya cika sharaɗi a duka irin.

Tushen wahalar shi ne rabo. Jiki na da iyakar RNA da man da zai ɗauka a allura ɗaya. Idan iri huɗu ne a cikin maikurogiram 50, kowanne 12.5 ya samu. Ga shi kuma kowane baligi ya sha haɗuwa da mura, jikinsa na karkata ga tsohon irin da ya fara sani. Ɓeran ɗakin gwaji ba shi da wannan tarihin, shi ya sa sakamakon dabbobi ke fin na mutane kyau.

To a ƙarshe ta hana kamuwa?

Manyan gwaje-gwaje ne suka amsa. A Yuni 2025 Moderna ta sanar cewa cikin mutum sama da 40,000 'yan shekara 50 zuwa sama, allurarta ta rage murar da aka tabbatar a ɗakin gwaji da kashi 26.6 cikin ɗari a kan allurar kasuwa mai awon yau da kullum. Ta Pfizer ta nuna kashi 34.5 a 'yan shekara 18 zuwa 64, kusan duka a kan iri A. A lura, waɗannan lambobi rata ce tsakanin allura biyu. Har zuwa ƙarshen 2025 babu allurar mura ta RNA da ta samu lasisi.

Mece ce RNA mai kwafar kanta?

Saƙo ne mai tsawo da ke ɗauke da injin kwafi da aka aro daga wani dangin ƙwayoyin cuta, yadda zai yi ta ninka kansa a tantani na wani lokaci. Manufar ita ce a rage awo zuwa maikurogiram kaɗan. Japan ta amince da irinta ta korona a Nuwamba 2023, kuma kamfanin Arcturus ya fara gwajin mataki na ɗaya na murar tsuntsaye H5N1 a Disamba 2024. Matsalarta, kwafin na samar da RNA mai igiya biyu, abin da ke tayar da ƙararrawar tantani, har ya iya kashe aikin da wuri.

Allura ɗaya ta duk irin mura fa?

HA na da kai da kara. Kan ne ke sauyawa duk shekara, karan kusan ba ya motsi. A Mayu 2023 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fara gwaji a Jami'ar Duke da allurar RNA ta kara zalla, mutum har 50 'yan shekara 18 zuwa 49, awo 10, 25 da 50. Wata hanyar ita ce ta Jami'ar Pennsylvania, wadda a 2022 ta zuba saƙon iri 20 a allura ɗaya ta gwada a dabbobi. Gwajin talo-talo ba ya ganin antibodin kara, don haka babu lamba irin 1:40 da za a dogara da ita. Wannan tafiya da sauranta.

Ina ruwan murar tsuntsaye a nan?

Nan ne saurin RNA zai fi amfani, domin annobar da ke kashe kaji na iya taɓa ƙwan da ake yin allura da shi. Batun kuma ya shafe mu kai tsaye: H5N1 ta fara bayyana a Afirka ne a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna a Fabrairu 2006, a watan ta kai Magariya a Nijar, a Janairu 2007 ta kashe wata mata a Legas. A Maris 2024 aka gano ta a shanun madara a Amurka.

Tunda jiki bai san H5 ba, allura biyu ake yi, mako uku tsakani. A gwajin mRNA-1018, allurar H5 ta Moderna, na mutum kusan 300, kusan kashi 98 sun kai 1:40 bayan ta biyu. A watan da aka sanar da haka, Mayu 2025, gwamnatin Amurka ta soke kwangilar sama da dala miliyan 700 da ta ba aikin.

Tana taɓa ƙwayar gadon mutum?

A'a. DNA na cikin cibiyar tantani, saƙon RNA kuwa a wajenta yake aiki, ba shi da hanyar shiga, kuma jiki na narkar da shi cikin kwanaki zuwa 'yan makonni.

Bayan abin da ya faru a Kano, me zai sa mutum ya yarda da gwaji?

Tambayar na kan hanya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, Pfizer ta yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a Asibitin Zana, kusan rabinsu ne aka ba Trovan ɗin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su. A 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. A yau gwaji a Najeriya na buƙatar izinin NAFDAC da na kwamitin ɗa'ar bincike. Duk wanda aka gayyata yana da haƙƙin a karanta masa takardar yarda da harshen da yake ji, a ba shi kwafi, a faɗa masa wa ke biyan kuɗin, wa zai ɗauki jinya idan an samu illa, da cewa zai iya fita kowane lokaci ba tare da an hana shi magani ba. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, kada ya sa hannu.

Me zan duba idan na ga labarin "an yi nasara"?

Mataki na nawa ne, mutum nawa, 'yan shekara nawa. Da me aka kwatanta: ruwan gishiri, allurar yau da kullum mai maikurogiram 15 na HA kowane iri, ko ta tsofaffi mai 60. Jini aka auna ko kamuwa. An kawo lambar B, ko an tsaya kan A. Mutum nawa suka yi illa daraja ta uku.

Idan ta fito, za ta iya zafin ƙasashenmu?

Nan da aiki. RNA na tsinkewa a ruwa idan akwai ɗumi, shi ya sa ake daskarar da allurar korona, ta Pfizer a ƙasa da sifili da digiri 60 zuwa 90, ta Moderna 15 zuwa 50. Bayan an narke makonni kawai take yi a firji, ba a girgiza ta, ba a sake daskarar da ita. Allurar ƙwai kuwa na zama a digiri 2 zuwa 8 har kakar ta wuce. A wurin gwaji kowane akwati da na'urar rubuta sanyi, idan ta nuna an fita iyaka sai a ware kwalaben har kamfani ya yanke hukunci. Ana aiki kan busar da allurar ta zama gari da kuma sirinji mai zama a firji.

Ta ɓangaren ƙerawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa cibiyar koyar da fasahar a kamfanin Afrigen da ke Afirka ta Kudu a 2021, kuma a Fabrairu 2022 aka sa Najeriya, Sanigal, Kenya, Masar da Tunisiya cikin masu karɓa. A ƙarƙashin wannan shiri ne kamfanin Sinergium na Ajantina ya fara aikin allurar H5N1 a Yuli 2024, da sharaɗin zai raba fasahar da sauran ƙasashen shirin idan gwajin dabbobi ya yi kyau.